Ku Ce Ƙadri Ne Ya Turo Ku

Ƙadri ɗan Na Allah ne, dillalin bisashe na kasuwar Tasawa. Duk wanda ya san kasuwar a da, tun ana ɗaure awaki a gindin itatuwa, ana jin kukan raƙuma tun daga bakin gari, ya san Na Allah: dogon mutum siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta da tiya. Bafillace zai koro shanunsa tun daga arewacin Mayahi, ya danƙa masa igiya, ya tafi shan fura bai ko waiwaya ba. A farin tamanin da huɗu, lokacin ma soja ke mulki kuma iyakar Najeriya a rufe take, saniya ta koma ba ta kai darajar buhun hatsi ba, makiyaya na sayarwa suna share hawaye. Ko a wannan shekara ba a sami wanda ya ce Na Allah ya ɓoye masa aibin dabba ba.

Dillancin wancan zamani ba shi da takarda. Wanda ya kawo mai saye, la'ada tasa ce, ko yana wurin ko yana kwance gida da zazzaɓi. Ya isa mai saye ya ce wane ne ya turo ni, za a ajiye wa wane rabonsa har ya zo. In kuwa dabba ta fito da cuta, ko aka gane ta sata ce, ƙofar dillali ake bugawa, don shi aka sani, shi ya sa baki. A cikin wannan Ƙadri ya buɗe ido. Ba a taɓa zaunar da shi an koya masa ba, kamar yadda ba a koya wa ɗan gari hanyar kasuwa.

Shi dai lakwal aka sa shi, makarantar boko. Ya gama firamare, ya shiga kwaleji, jarrabawar ƙarshe ta kayar da shi sau biyu, ya haƙura. Faransancinsa ya isa ya samar masa aiki a wani furoje, shirin masu ba da agaji na ciyar da yara. Ya yi shekaru bisa moto, wato babur, yana bin hanyoyin rairayi, yau Hawandawaki, gobe Baudeta, yana auna damtsen yara da ɗan zare mai launi, yana raba abincin leda ga waɗanda suka rame. Ya auri Lauratu, suka sami ƴaƴa mata biyu. Bai yi arziki ba, amma ƙarshen wata yana zuwa da abinsa.

Wansa Tanko shi ya tafi arewa haƙar zinariya a Jado, shekarar da samari suka yi ta tafiya kamar an yi shela. Rami ya rufta da shi. Abokan tafiyarsa suka binne shi can, suka aiko da bargonsa. Tun daga nan idon Na Allah ya fara yana, har ya kai ba ya rarrabe akuya da tunkiya sai ya shafa, ya bar kasuwa. Bayan sadakar arba'in ya kira Ƙadri zaure.

"Na ba arewa ɗaya, ba ni ba ta na biyu. Ka yi mani alkawari ba ka barin gidan nan sai ka sa ni cikin ƙasa da hannunka."

Ƙadri ya yi alkawari. A lokacin abu ne mai sauƙi, yana da moto, yana da albashi.

Sai shekarar da soja suka sake karɓar mulki. Cikin damina abin ya faru. Kafin a kai kaka an rufe iyaka, an yanke kuran, wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, masu ba furoje kuɗi sun ɗauke hannu. Aka tara ma'aikata a buro, ofishin furojen, aka karɓi makullan moto, aka gode masu da Faransanci mai kyau. Ruwa kuma ya ɗauke a gonar Na Allah daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai, abin da suka yanka bai rufe gindin rumbu ba. Samarin unguwa suka fara raguwa ɗai-ɗai. Akwai Maiwada, abokin Ƙadri tun suna lakwal, direba mai kai mutane Agadas, inda ake wucewa zuwa ramukan zinariya. Duk sanda ya biyo ta ƙofar gidan sai ya rage gudu ya leƙo ta taga, ya kira shi da laƙabin masu jin Faransanci.

"Mushe, kujerarka na nan. Ko furoje ya ce ka jira shi?"

"Wuce, kada ka tashi tsoho."

"Tsoho ai ya fi ka sanin abin da ke cikin rumbu."

Cikin waɗannan kwanaki na zaman banza ne Ƙadri ya ci karo da abin a waya. Wani saurayi ne sanye da kwat, zaune cikin ɗaki mai sanyi, yana bayani da Faransanci yadda mutum zai sami kuɗi yana cikin gidansa, ba jari, ba shago, ba ɗaukar kaya. Wani babban shago na Yamai, mai reshe a Maradi, yana sayar da faifan sola da batir da fitilu da fanka ta intanet. Za ka rubuta sunanka, su ba ka wani ɗan layin rubutu shuɗi, naka kai kaɗai, wanda ake kira liyan. Kai aikinka ka yaɗa shi. Duk wanda ya taɓa liyan ɗinka ya shiga shagon, ya zaɓi kaya, ya biya ta waya, za a aiko masa da kayansa, kai kuma a rubuta maka la'ada. Sharaɗin a fili yake, Ƙadri ya karanta shi kuma ya gane shi: sai an saya ta cikin liyan.

Ya dubi garin. Teloli sun jingine kekunansu na wuta, masu ƙanƙara sun buɗe firigo suna shanya shi, kowa na yawo da matacciyar waya yana neman inda injin ke ƙara. Kaya ne da ba sai an roƙi mutum ya so su ba. Ya je ya sami mahaifinsa bisa buzu.

"Baba, na sami sana'a, kuma taka ce. Dillanci ne, sai dai cikin waya ake yin shi."

Na Allah ya juyo da kunnensa. "Mi ake saidawa?"

"Fitilu masu cin rana, da faifan da ke ba da wuta."

"Ka gan su?"

"Na ga hotonsu."

"Ka taɓa su?"

"Suna Maradi, Baba."

"Ni ban taɓa sa baki ga akuyar da ban buɗe bakinta ba." Tsohon ya murza casbi. "Amma a gida za ka yi ta?"

"A nan zauren, kusa da kai."

"To Allah ya sa albarka."

Lauratu ta sayar da tunkiyarta, aka sayi forfe na intanet, aka ware na cajin waya wajen mai inji. Ƙadri ya kama aiki kamar yadda ya saba kama aiki. Ya karanta bayanin kowane kaya har ya haddace, ya san wane faifai ne ke ɗaukar keken ɗinki, wanne ne iyakarsa fitila da waya. Da ya lura yawancin mutanensa ba sa karatu, sai ya daina rubutu, ya koma aika murya ta Wasaf. A nan aka gane ɗan Na Allah ne. Ba ya kururuwa, ba ya rantsuwa, yana faɗin amfanin abu ya faɗi iyakarsa. Ƙauyukan da ya yi wa aiki sun san muryar, muryar mai awon yara ce. Saƙonsa ya yi ta tafiya daga waya zuwa waya har wuraren da bai taɓa takawa ba. A shafinsa akwai lamba biyu, ɗaya ta waɗanda suka leƙa shagon ta liyan ɗinsa, ɗaya ta waɗanda suka saya. Ta farko tana hawa kullum. Ta biyu tana nan inda aka ajiye ta.

Lauratu takan leƙo ta bayan labule. "Malam, wayar ta haihu ko har yanzu ciki ne?"

"Ki bari wata ya cika."

"Tunkiyata dai da yanzu ta kusa."

Wadda ta fara zuwa da niyyar saye Hajjo ce, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo kusa da tasha, sa'ar mahaifiyarsa mai rasuwa. Tun da aka yanke kuran sana'arta ta tsaya, tana da jikoki a hannu. Ta sayar da kayan ɗakinta, tana son faifai da babban batir da zai tada ƙaramin firigo. Wannan ciniki ɗaya, la'adarsa ta isa ta sa hatsi a gidan Ƙadri. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya buɗe liyan, ya nuna mata hoto, ya nuna mata inda za ta taɓa.

"In na taɓa nan sai mi?"

"Sai kuɗin su tafi, Inna, su kuma su aiko maki da kaya."

"Su tafi ina? Wa zai karɓe su? In kayan ba su zo ba, rigar wa zan riƙe?"

"Za su zo. Haka ake yi ko'ina yanzu."

"Ko'ina ba ni ce ba. Ni sai na gani, na ɗaga na ji nauyinsa, na taya an ce albarka, na ƙara. Ko tukunya ba ni saye ban ƙwanƙwasa ba. Ka ce suna da shago Maradi?"

"Suna da shi."

"To shi ke nan. Gobe sai in hau mota. In na je zan ce ɗan Na Allah ne ya turo ni, su ajiye maka haƙƙinka. Ko ba haka ake yi ba, Malam?"

Daga bisa buzu Na Allah ya ce, "Haka ake yi."

Ƙadri ya san ba haka aka rubuta ba. Amma ta yaya zai dubi sa'ar uwarsa, gaban mahaifinsa, ya ce mata sunan gidansu bai isa ba? Kuma can ƙasan zuciyarsa bai yarda akwai kasuwa a duniya da mutum zai kawo mai saye a hana shi la'ada ba. Rubutu rubutu ne, a ganinsa, amma bayan rubutun ai mutane ne. Da Hajjo ta fita ya nemi lambar reshen Maradi ya kira. Wani mai suna Sidi ya ɗauka, ana jin hayaniyar masu saye a bayansa. Ƙadri ya ce shi wakilinsu ne na Tasawa, mutanensa sun fi son su zo da ƙafarsu, in sun faɗi sunansa za a san nasa ne?

"Ba matsala, su zo," in ji Sidi, ya kashe.

Hajjo ta je ta dawo da kayanta bisa rufin mota. Kafin mako ya zagayo ƙanƙara ta dawo bakin tasha, ita kuma ta zama mai shela. Teloli suka bi sahu. Mutanen wani ƙauye na Hawandawaki suka haɗa kuɗi suka tura mutum biyu, suka sayo fitilu cikin buhu. Kwamitin wani masallaci na Baudeta ya sayo faifai don lasifika. Kowa sai ya fara biyowa ta zauren Na Allah, ya ga hoto, ya yi tambaya, a ƙarshe ya ce gara ya je ya gani da idonsa. Ƙadri tun yana ƙoƙarin nuna masu inda ake taɓawa har ya bari, ya koma raka su bakin ƙofa yana cewa, "In kun je ku ce Ƙadri ne ya turo ku." In sun dawo sukan biyo su ba da rahoto.

"Mun faɗi sunanka. Ni har sau biyu na faɗa, yaron ya gyaɗa kai."

Na Allah bai taɓa samun irin wannan lafiya ba tun rasuwar Tanko. Ana sallama a ƙofarsa, ana cire takalmi, ana maganar kaya da farashi. Ya sa aka wanke masa rawani. Yakan tsoma baki ya tambayi baƙo daga wane gari yake, ya gaya masa ya taɓa sayar wa kakansa bijimi. Ƙadri yana kallonsa, yana kuma kallon lambar nan ta biyu da ba ta motsa ba, yana gaya wa kansa cewa a ƙarshen wata ake haɗa na shago da na waya. Wata ya ƙare, wani ya bi shi. Lauratu ta daina yi masa ba'a, ta fara ƙara ruwa a kunu.

Ran da aka share ƙasan rumbu ya ari kuɗin zuwa, ya hau mota sai Maradi. Shagon yana nan kamar yadda aka faɗa, fitilu na ci da rana tsaka. Sidi saurayi ne mai fara'a, da ya ji sunan har ya miƙe ya ba shi hannu biyu.

"Kai ne Ƙadrin Tasawa. Wallahi kullum sai an faɗi sunanka a shagon nan. Har na zaci wani babban alhaji ne."

"Ga shi ka gan ni. La'adata na zo ji."

Sidi ya saki hannun a hankali. Ya juyo da fuskar na'urarsa don Ƙadri ya gani. "Malam, duba. Ga kaya, ga farashi, ga rana. Babu gurbin da ake rubuta wanda ya turo mutum. La'ada na'urar Yamai ke yin ta, ita kuwa abin da aka saya ta liyan kaɗai take gani. Wanda ya shigo da ƙafarsa, cinikin shago ne."

"Ai kai ka ce su zo."

"To in ce kada su zo?"

"Ka ji sunana da kunnenka. Kai shaida ne."

"Na ji, ban musa ba. Amma ni ɗan aiki ne, ko biro ba ni da ikon bayarwa."

Sidi ya yi masa abin da zai iya, ya kira Yamai ya miƙa masa wayar. Wata mace ce mai ladabi, ta saurare shi har ya gama, sannan ta karanta masa sharaɗin nan da ya riga ya sani, da Faransanci, kalma bayan kalma, ta tuna masa shi da kansa ya amince da shi ranar da ya yi rajista. Ta yaba da yawan mutanen da ke leƙa liyan ɗinsa, ta ba shi shawara ya koya masu biya ta waya. Ya nemi a haɗa shi da mai shagon. Ta ce shagon ba na mutum ɗaya ba ne. Da zai fita Sidi ya biyo shi waje, ya cusa masa kuɗin mota daga aljihunsa. Ƙadri ya so ya ƙi karɓa, amma da la'adar ya yi niyyar komawa gida, sai ya karɓa ya yi godiya.

Da ya iso, Na Allah ya gane takunsa tun daga waje.

"An sallame ka?"

Ƙadri ya zauna ya faɗa masa komai, bai rage ba.

"Mutane sun faɗi sunanka?"

"Sun faɗa."

"An ji?"

"An ji, Baba."

"To sai a kai magana ga sarkin kasuwa."

"Ba su da sarkin kasuwa. Na'ura ce ke rabo, ita kuwa ba ta jin suna."

Tsohon ya juya kunnensa wajen ƙofa. Daga baya ya tambaya ko an kira la'asar.

Ƙadri bai saki ba. Ya sake sabuwar murya ya aika, yana roƙon mutane su saya ta liyan, yana bayyana cewa in ba haka ba shi ba ya samun komai. Wannan ya yi masa nauyi ƙwarai, don dillali ba ya roƙon la'ada a bainar jama'a. Wasu suka ji tausayi, wasu suka ce ashe duk daɗin bakin nan don kansa yake yi. Wani malamin lakwal ya sayi fitila ɗaya ta liyan, lambar nan ta biyu ta motsa karon farko. Da Ƙadri ya je cire abin da ya samu, shafin ya gaya masa sai la'ada ta taru ta kai wani mizani ake biya. Bai kai ko kusa ba. Ana cikin haka aka sasanta tsakanin ƙasashe, kuran ya dawo Tasawa, ana kawo shi ana ɗaukewa amma ya dawo, mutanen gari suka daina tambayar faifai. Mutanen ƙauye kuwa abinci suke nema, ba fitila ba.

Sai zafi ya shigo tare da azumi. Batir ɗin Hajjo ya kumbura ya mutu a daidai watan da ƙanƙara ta fi kasuwa, kuran kuwa ba ya daɗewa yadda zai daskarar da ruwa. Ta sa aka ɗauko shi a baro aka sauke a ƙofar zauren Na Allah.

"Ɗana, ga kayanka."

"Inna, ba nawa ba ne. Na shago ne. Kina da takardar da sunka ba ki?"

"Wace takarda? Wata ƴar ƙyalle da yaron ya miƙo mani? Na ƙulle goro da ita tun a mota. Mai dillali mi zai yi da takarda?"

Ya kira Sidi. Sidi ya ce da takarda ma sai an duba ko lokacin lamuni bai wuce ba, ba takarda kuwa ba abin da zai iya. Ƙadri ya maimaita mata. Hajjo ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ban san Sidi ba, ban san Yamai ba. Muryarka na ji, gidan ubanka na zo. Kwanukan aurena na saida, ka sani."

"Inna, ko dala ban ci a cinikin nan ba."

"Wannan tsakaninka da su ne."

Ƙadri ya juya wajen mahaifinsa, yana jiran ya faɗi abin da ya sani. Na Allah ya gyara zama.

"Kai ka turo ta?"

"Ni ne, Baba, amma ka san yadda anka yi."

"Na sani. Sun ci haƙƙinka, Allah ya isar maka. Amma ita ba ta ci ba. Gaskiyarta ce. Hajjo, ki je gida, za a kawo maki."

Ba ita kaɗai ba ce. Daga cikin fitilun Hawandawaki wasu sun daina ci, aka aiko su cikin buhun da aka sayo su. Wani tela ya kawo wayar wuta da ta ƙone. Ba wanda ya zo da faɗa, ba wanda ya zo da takarda. Sallama suke yi, su gaida tsoho, su ajiye, su ce ba gaggawa. Kusurwar zauren ta cika da matattun kaya, ƴaƴan Ƙadri na wasa da su.

Abin da ya rage a gidan mai daraja jaki ne da amalanke, da su ake kai taki gona, da su Ƙadri ke ɗan jigilar ruwa a sami na cefane. Ranar kasuwa Na Allah ya sa rawaninsa, ya dafa kafaɗar ɗansa, suka kora jakin. Tsofaffin dillalai suka tashi suka ba shi wuri. Ya shafa jakin tun daga wuya har wutsiya, ya gaya wa mai saye cewa yana ɗingishi da ƙafar baya in ya sha tafiya. Aka sayar da shi tare da amalanken. Aka sayo wa Hajjo batir na hannu, aka sallami mutanen Hawandawaki da tela gwargwadon abin da ya samu. Hajjo ta aiko da ƙanƙara ranar da firigonta ya tashi. Lauratu ta karɓa, ta sa a randa.

Bayan salla aka shiga bazara. Hadari na haɗuwa a gabas ya watse. An cinye irin shuka tun cikin azumi. Lauratu na fita da sassafe tare da matan unguwa ɗiban ganye, ƙaramar yarinyar ta fara ramewa, kuma Ƙadri ba ya bukatar zare mai launi kafin ya san abin da yake gani a damtsenta. Forfe ya ƙare, bai sake saye ba. Yakan zauna a zaure kusa da mahaifinsa kamar yadda ya ce zai yi, su wuni ba mai sallama.

Wata safiya Na Allah ya ce, "Abokin nan naka mai mota, yaushe yake tashi?"

"Ban tambaye shi ba."

"Ka tambaye shi."

"Baba, na yi maka alkawari."

"Ni ka yi wa, ni kuma na sauke maka."

"In ruwa ya sauka sai mu shuka. Ba a san abin da Allah zai yi ba."

"Mu shuka mi? Ina jin tarin yarinyar nan ta bayan bango. Ni na ci shekaruna. Akwai maƙwabta, in lokaci ya yi ba su bari na a ƙasa."

Ƙadri ya sunkuyar da kai. Tsohon ya laluba ya kama hannunsa, ya riƙe wuyan hannun kamar yadda yake riƙe igiya.

"Abu ɗaya. In ka je, ka yi dako, ka yi ɗiban ruwa, ka yi wanki. Kada ka shiga rami."

"To, Baba."

Su biyun sun san a can rami ne ke biya.

Maiwada bai yi ba'a ba wannan karon. Ya ce ya zo kawai, sa yi maganar kuɗin mota daga baya. Ƙadri ya bar wa Lauratu wayar don ya riƙa samun ta, ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda, suka yi sallama a tsakar gida, ba ta biyo shi waje ba. Na Allah ya ce sai ya raka shi. Suka taka har tasha, hannun tsohon bisa kafaɗarsa, a hankali, suna tsayawa ana gaisawa. Ƙadri ya zaunar da shi a benci kusa da wani tsohon abokin dillancinsa da ya yi alkawarin mayar da shi gida, ya durƙusa, aka yi masa addu'a, ya shafa.

Kujerar gaba an riga an ba wani, sai ya hau baya cikin samari da jarkokin ruwa. Motoci biyu suka tashi lokaci ɗaya, tasu ta yi gabas hanyar Damagaram, inda ake bi zuwa Agadas, ɗayar ta yi yamma hanyar Maradi. Na Allah ya miƙe tsaye, ya bi ƙarar da ta fi kusa da kunnensa, ya juya yamma ya ɗaga hannu. Ƙadri ya kira shi, ƙarar inji ta danne muryar. Ya ga bayan mahaifinsa da hannun a sama yana ta raka motar Maradi, har suka sha kwana.